Launin Fuskar Baba Yohanna

Janet ta kasa zama. Ta leƙa titi, ta dawo ta tsaya a kan Matthew mai shagon buga takardu, ta ɗauki jakarta ta sake ajiyewa. Gobe za a binne mahaifinta, Baba Yohanna, ga shi takardar tsarin jana'iza da za a raba a coci ba ta fito ba, domin fuskar da ke jikinta ba tasa ba ce.

Shagon Matthew a Sabon Tasha cike yake da hotunan 'yan takara na mannawa a bango. Tunda soja suka ce za su koma bariki, kowa ya ga ya dace da kansila, kuma dukansu roƙonsu ɗaya, a haska musu fuska. Hannun Matthew ya saba, ko tambaya ba ya yi. Hoton Baba ɗaya ne tilo, na katin aikinsa a masaƙa, ya koɗe, shi kuwa ya gyara shi yadda ya saba.

"Wannan ai Balarabe ka yi mana," in ji Janet. "Babana baƙi ne."

Matthew ya buɗo akwatin launuka a kwamfuta ya rage haske. Aka buga gwaji, Baba ya fito ja kamar tukunyar ƙasa. Aka sake, ya fito toka-toka. Janareta na ta tari a waje, Janet na ta kai da kawo.

"Sista, baƙi kala-kala ne," in ji Matthew. "Kwatance ba zai yi ba, lambar launin nake so. Kin ga ɗan tsinken nan a allo? Duk inda na taɓa da shi zai ɗauko mini launin wurin daidai. A gidanku wa ya biyo fatarsa? A kawo shi ya ɗora hannu a sikana, injin kwafar hoton nan, shi ke nan."

Nan Janet ta tsaya cak. Ƙannenta duk hasken Mama suka ɗauko. Ita kaɗai ce tun tana ƙarama ake cewa kamar Baba ya yi kaki ya tofar. Amma tun da ta fara aikin ofis take shafa man bilicin, har ta zama fara tas. Baba bai taɓa yi mata faɗa ba. Sai dai ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga 'yata a hanya ba?" ya yi dariya. A lokacin haushi kawai take ji.

Matthew ya kalli fuskarta, ya gane, ya mai da idonsa kan allo. Kunya ta kama ta, da baƙin cikin da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Sai ta dunƙule hannu ta dubi gaɓoɓin yatsunta. Su ne man ya kasa, su ne kullum take ɓoyewa a cikin mutane. Ta ɗaga murfin sikana da kanta ta danna su a kan gilashi. Haske ya wuce a ƙarƙashi.

Matthew ya taɓa ɗan wurin da tsinkensa, wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya watsa launin a fuskar. Inji ya turo takarda. Ga Baba nan, baƙi wuluk, yana kallonta.

"Ya yi?" in ji Matthew.

Ba ta ji shi ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta riƙe takardar da hannu biyu.

"Baba," ta ce, "ga ni nan."