Na Bakwai a Benci

Maigidana tela ne, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi a kwamitin unguwarmu. Su bakwai ne. Dokarsu ita ce ba a kai takarda ofishin hukuma sai duka bakwai ɗin sun zauna sun sa hannu. Shi kuwa bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. In sakatare ya kira sunansa, mai aski ne ke amsa masa, ya ce yana hanya. Sau da yawa a lokacin yana tsakar gida yana neman takalmi.

Ya rasu a shekarar da aka ɗage zaɓe har sau biyu. Rediyo ba komai sai zage-zage, har na daina kunnawa. Sai ga labari wai za a rufe ƙaramin asibitin bakin titi, inda ake auna min hawan jini. In aka rufe, mota biyu zan riƙa hawa, da waɗannan gwiwoyin nawa.

Kwamiti ya rubuta takardar roƙo, amma saura su shida. Suka bi gida-gida neman na bakwai. Mai kanti ya ce mutanen da suka kasa yin zaɓe ba takarda za su karanta ba. Malamin makaranta ya yi musu bayanin awa guda a kan lalacewar ƙasa, sannan ya ce ba shi da lokaci. Da yayan maigidana ya zo wurina, shi ne ciyaman, na ce masa a aji huɗu na tsaya, ya ƙyale ni da abin da ke damuna.

Ranar taron na je ne kawai in mayar musu da jakar takardun marigayi. A shagon mai aski suke zama, a kan benci biyu, ciyaman a kujerar aski saboda tana juyawa. Sakatare ya buɗe littafi yana kiran suna yadda ya saba, ko ɗaga kai bai yi ba, har ya zo kan Tela.

"Yana hanya," in ji mai aski.

Mai aski ya toshe baki da tawul. Ni kuwa dariya ce ta kama ni, wadda rabona da ita wata biyar, da hawaye da majina, har sai da na nemi wurin zama. Wuri ɗaya ne babu kowa, ƙarshen benci.

"To, ta zauna," in ji sakatare, ya rubuta.

Na ce, "Yaya, ƙafata ce fa ta gaza, ba shiga na yi ba." Ya juya kujera ya ce doka ba ta yi maganar dalilin zama ba.

Tunda abin ya zama haka, na ce a karanta min takardar. Shafi uku ce, biyu da rabi duk gaisuwa da fatan alheri. Na sa aka rage, aka rubuta yawan tsofaffin da ke zuwa awo, da na masu ciki. Ni na san su, tare muke bin layi.

Sau huɗu muka kai ta ofis kafin a karɓa. Ba a rufe asibitin ba, amma kwana biyu kawai ake buɗewa a mako. Zaɓen kuwa har yau shiru. Nas ta ce jinina ya ɗan hau tun da na shiga kwamiti, ta tambaya ko wani abu na damuna. Na ce mata famfon layinmu ne muka sa a gaba, ta yi sauri, mutum shida na jirana.