Tashin Beyar a Ƙofar Gidan Inna Paraschiva

Babana ya kira daga Sifen ran jajiberin Kirsimeti, ya ce maganarsa ɗaya ce: idan Kaka Nichifor ya kasa tashi da fatar beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi, a rawar ƙarshen shekarar bana, zai zo ya kulle gidan ya tafi da mu biyun can inda yake aiki. Ya ce ba zai zauna yana tsinkar lemo a gonar mutane yana jiran a buga masa waya a ce tsoho ya faɗi a rumfar itace, ni kuwa ina ɗaki da littafi ban ji ba. Kaka ya karɓe wayar daga hannuna ya ce masa wanda ya gudu ya bar fatar tun yana saurayi ba shi da bakin magana a kanta. Suka yi ta yi. Daga ƙarshe Baba ya ce shi ba labari yake so ba, don ya san mutanen ƙauyenmu, kowa zai rantse masa cewa tsohon har tsalle ya yi. Hoto yake so, kuma na lokacin tashin: gwiwa ɗaya a ƙasa, babu hannun kowa a jikinsa.

Ni aka ɗora wa ɗaukar hoton, tunda ni da Kaka kaɗai muka rage a gidan. Shekarata goma sha shida, kuma ko a aji aka ce in miƙe in yi karatu daburcewa nake yi. Kaka ya sa na yi ta gwaji da akuyarmu. Sai ya jira ta kwanta ya tafa hannu, ta zabura, ni kuma in danna.

“Farfesa,” in ji shi, haka yake kirana, “akuya ma ta fi ki sauri. Ki bar tunani, ki danna kawai.”

Rawar ba ta canja ba tun zamanin kakansa. Beyar, wato mai sanye da fatar, zai yi rawa a tsakar kowane gida, ya faɗi matacce, mai ganga ya zagaya shi yana kiransa, sai ya tashi da kansa, shekarar gidan ta tashi tare da shi. Fatar Kaka ta gaske ce, ta ubansa, nauyinta ya kai kilo arba'in, shi kuma shekararsa saba'in da huɗu. Ya gaya mini a ɓoye cewa tashi ɗaya ya rage a jikinsa na wannan rana. Zai yi shi a gidan farko, gidan Inna Paraschiva maƙwabciyarmu. Sauran gidajen zai tsaya yana rausaya, sauran beyar biyu da ke rawa tare da shi su yi ta faɗuwarsu.

Kwana uku kafin ranar rawar wata mai ɗaukar hoto ta zo daga Bukarest, babban birninmu, Malama Oltea, da kyamara biyu rataye a wuya. Mace ce mai fara'a, amma duk inda ta tsaya sai ta sa an kawar da wani abu: bokitin roba, babur, rigar sanyi mai rubutu. Kawu Sofronie, mai gangarmu, ya ce saura kaɗan ta sa a tuge turakun lantarki, a cire masa haƙorin ƙarfensa.

Ranar ƙarshen shekara muka fita da hantsi. Dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri. Inna Paraschiva ta tsaya a bakin ɗakinta da burodin kitso da ƙananan kofunan giya a faranti, tana cewa Kaka ya yi a hankali kada ya mutu mata a tsakar gida da gaske, ba ta da ƙarfin share wurin. Kaka ya amsa daga ƙarƙashin muƙamuƙin beyar cewa shekara hamsin tana jiran ya faɗi a gabanta, yau ta samu.

Ganga ta tashi. Jajayen tuntayen da ke kunnuwan fatar suna ta lilo, Kaka yana taka ƙasa kamar ba shi ba. Ya faɗi. Kawu Sofronie ya zagaya shi sau ɗaya, sau biyu, yana kira. Na ɗaga wayar, na ga bayan fatar ya motsa, na ga gwiwar ta kafu, na danna. Babu abin da ya faru. Na sake dannawa. Safar hannuna ce, ta ulu, gilashin wayar bai san da ita ba. Duk gwajin da muka yi da akuya a cikin garke mai ɗumi muka yi shi, hannuna tsirara. Kafin in cizge safar da haƙori Kaka yana tsaye, mutane suna tafi. Abin da na samu hoton takalmana ne da wutsiyar kare.

Ana cikin raba burodi Malama Oltea ta matso ta roƙa a sake. Ta ce an yi kyau ƙwarai, sai dai akwai kwanon satalayit a rufin ɗaki da jar mota a bayansu; da za a koma bakin tsohuwar ƙofar katako, da hoton ya fita. Kawu Sofronie ya ce mata beyar ba ya mutuwa sau biyu a gida ɗaya, ita ma Inna Paraschiva ta yi alamar gicciye ta ce ba dai a tsakar gidanta ba. Kaka bai kula su ba. Ni yake kallo, zufa tana bin girarsa, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi.

“Farfesa, kin samu?”

Na so in ce e. Na so in ce komai ma. Na girgiza kai, na nuna masa safar.

Bai yi mini faɗa ba. Ya juya ya ce wa Kawu Sofronie waje da ƙofa ai hanya ce, ba gidan kowa ba, kuma in dai sai ya sake faɗuwa, gara yanzu da jikinsa ke da zafi, kafin hawan tudun gidan gaba ya cinye shi.

“Nichifor, kai fa ba yaro ba ne.”

“Kai dai buga, tun kafin haƙorin naka ya yi tsatsa.”

Aka koma bakin ƙofa. Wannan karon rawar gajeriya ce. Ya faɗi, dusar ƙanƙarar ta karɓe shi. Kawu Sofronie ya zagaya yana kira, ya kai ƙarshen waƙar, fatar ba ta motsa ba. Ya sake daga farko. Da ya ƙare ya shiga ƙirƙirar nasa, yana ce masa tsohon ɓarawon zuma, rago, mai barcin rana, ya tashi ga matan ƙauye suna kallo. Wasu suka yi dariya kaɗan suka bari. Sai Kaka ya dafa ƙasa, ya jawo gwiwa ɗaya, ya kafa ta, ya ɗago kai. Ya tsaya a haka yana rawar jiki. Ina ta dannawa, hannuna tsirara, ban fasa ba. Fatar ta rinjaye shi ta baya, ya koma ƙasa a kan gefensa.

Gangar ta yi shiru. Sauran beyar biyun suka zo suka kama shi ta hammata suka ɗaga. Babu abin da ake ji sai ƙyas-ƙyas ɗin kyamarar Malama Oltea.

Na bi ta har gindin motarta, na roƙe ta hoton tashin farko, ko da kwanon, ko da motar. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce ta goge su tun ana raba burodi; ba ta ajiye wanda ba za ta yi amfani da shi ba. Da ta ga fuskata ta ba ni haƙuri da gaske, ta ce za ta aiko mana da na biyun a babbar takarda, ba ta taɓa ɗaukar hoto mai ƙarfinsa ba.

A kan keken jan itace aka kai Kaka gida, fatar tana gefensa. Na dama masa tuwon masara da cuku, bai ci ba. Da la'asar, yana kwance kusa da murhu, ya ce in kawo wayar. Hotunan sun fita tas, har gashin fatar ana iya ƙirgawa. Muna wucewa ɗaya bayan ɗaya sai na tsaya a kan guda: gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a ɗage, babu hannun kowa a jikinsa. Daidai abin da Baba ya nema. Na ce masa wannan za mu tura, babu wanda zai gane, kuma mutanen ƙauye ba za su faɗa ba.

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, don bai sa tabarau ba. Ya ce in ƙara masa girman fuskar. Na buɗe ta da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke ƙarƙashin muƙamuƙin nan, baki a buɗe, ido a firgice.

“Haka nake?”

Na ce sanyi ne.

“Tura masa na ƙarshen,” in ji shi, “wanda suke ɗaga ni.”

Na ce ba zan tura ba. Na yi kuka, na ce laifina ne, ai ya tashi, kowa ya gani. Ya ce e, ya tashi, sau ɗaya, kuma shekara ba rana ɗaya ba ce. In ya faɗi a rumfar itace ba ni da beyar biyu da zan kira. Ya riƙe wayar yana neman wurin dannawa bai sani ba, har na gaji na nuna masa.

Baba ya gani nan take, amma bai amsa ba sai da na kusa gama wanke tukunya. Kalma biyu ya rubuto: bayan Ista. Wato da bikin Ista ya wuce zai zo ya tafi da mu.

Na karanta wa Kaka. Ya gyaɗa kai, ya ja bargo. Can ya ce gobe in leƙa wurin Inna Paraschiva in tambaye ta ko za ta karɓi kajinmu, amma in gaya mata baƙar nan tana cin ƙwanta.