Kantar Wuyan Kawu Ottavio

Goge biyu a akwatunansu. Ƙunshin tsirkiya ta hanjin tumaki. Ƙaron shafa wa bakan goge. Takardun kiɗan Kawu naɗe cikin fata. Bargo, cuku, ragowar burodi da wuƙa. Iyakar abin da alfadarinmu ya ɗauko ke nan ranar da muka gangaro daga duwatsu muka hangi shingen kan iyaka.

Daga Vienna muke, birnin masu jin Jamusanci, inda annoba take cin mutane tun bazara. Ina yaro aka kai ni can koyon goge wurin ƙanen mahaifiyata, Ottavio Brugnera, mai tsara kiɗa a gidan wani basarake. Basaraken ya mutu, aka rufe gidan, Kawu ya ce mu koma Udine, garinmu. Ya rubuta wa babbar majami'ar garin sabon kiɗa, yana so ya goga shi da hannunsa kafin yatsunsa su ƙi.

Warin farar wuta ne ya fara tarar mu. Bayan shingen akwai rumfar da ake turara kayan matafiya, da jerin ɗakunan da masu lafiya ke zaman kwana arba'in. Can bakin kogi kuma wani dogon gini ne marar taga. Duk wanda aka ga kaluluwa a jikinsa, alamar annobar, nan ake kai shi. Ƙofarsa ta baya kan ramin gawa take buɗewa.

Wani mai gadi ya ƙura min ido, ya kwashe da dariya.

"Kai! Ba Zuane ɗan Caterina mai burodi ba ne? An dawo ke nan, Bajamushe? Kana jin maganarmu kuwa, ko a nemo maka tafinta?"

Menego ne, abokin wasana na unguwa. Na ce, "Na iya zagi da ita har yanzu."

"To a tuɓe riga, maigida. Ku hau kan dutsen nan."

Likita ya fito cikin baƙar riga har ƙasa, fuskarsa a rufe da wani abu mai dogon baki kamar na tsuntsu. Ba ya taɓa kowa sai da sanda. Ya ɗaga min hannu, ya duba hammata, ya duba matsematsi, ya yi min nuni in wuce hagu. Sai ya juya kan Kawu. Sandar ta bi ƙirjinsa, ta hau wuya, ta tsaya ƙarƙashin muƙamuƙinsa na hagu.

"Wannan fa?"

Kawu ya ce, "Kanta ce, ranka ya daɗe. Ta goge."

Yawancin makaɗa a ƙirji suke ɗora goge. Kawu da haɓa yake danne nasa, don hannunsa ya sami damar gudu kan tsirkiya har ƙurya, haka kuma ya koya mini. Wurin ya daɗe da yin kanta. Amma a hanya kiɗa yake yi a kowane masauki don a ba mu wurin kwana, ga gumi ga ƙura, sai ta kumbura ta yi jawur kamar ƙwan tattabara.

Mutanen da ke bayanmu suka ja da baya. Wata mata ta rufe fuskar jaririnta da mayafi.

Likita ya ce, "Kowa da abin da yake faɗa. Shekaranjiya wani ya rantse zuma ce ta harbe shi. Ɗazu muka rufe shi."

"Bari in goga maka ka ga inda yake zama. Zuane, miƙo akwatin."

"Kada wanda ya taɓa komai."

Ya ɗaga sandar sama. Daga wajen kogi na ji ƙarar 'yan ƙararrawa. Masu ɗaukar gawa ne, su ake ɗaura wa a ƙafa don mutane su kauce. Su biyu suka taho da makara, ba sa ko sauri. Kawu ya dube su, ya ja da baya. Mutumin da na gani yana tsayawa gaban sarakuna ko gezau, ga shi tsirara rabin jiki, ya kasa ɗauke ido daga makarar.

Na san abu ɗaya. Mai lafiya in ya shiga ginin nan, ba zai kwana uku da lafiyarsa ba.

Tawa kantar gemu ya rufe ta, shi ya sa sandar ta wuce. Na komo kan dutsen.

Menego ya ce ƙasa-ƙasa, "Ina za ka, wawa? Ai ka riga ka wuce. Uwarka na can tana jira."

Na ɗaga haɓa, na buɗa gashin da yatsu.

"Duba, ranka ya daɗe. Gefe ɗaya, wuri ɗaya. Ni ma makaɗi ne."

Bakin tsuntsun ya matso. Ina jin numfashinsa a ciki.

"Ko kuwa ya shafa maka."

Ban yi tunanin wannan ba sai da ya faɗa. Masu makarar suka ajiye ta a ƙasa, ɗayansu ya ce wa ɗan'uwansa, "Sawu biyu ke nan, kuma ban ci komai ba."

Likitan ya daɗe yana kallon wuyana da na Kawu. Ya tambaye mu zazzaɓi, muka ce babu. Ya sa muka fito da harshe. Daga nan ya sa aka ɗaura alƙalami a kan sanda, ya tsoma a tawada, ya zana da'ira kewaye da kumburin kowannenmu.

"A kai su ɗakin bayan rumfa, su kaɗai. Zan riƙa zuwa ina dubawa. Ranar da na ga ya tsallake layin nan ko da ƙwayar alkama, bakin kogi."

Kawu ya ce, "Kayanmu fa?"

"Ko su shiga tare da ku, ko su shiga hayaƙi."

Kawu ya rungumi akwatin gogensa kamar za a ƙwace.

Ɗakin ƙarami ne, da shimfiɗar ciyawa. Daga nan ana jin mutanen dogon ginin. Wani yana kiran sunan wata mace, ba ya fasawa. Menego ya tsaya daga nesa yana lalubar makulli a ɗamararsa.

Kawu bai ko sa riga ba. Ya buɗe akwatin, ya gyara tsirkiya, ya ɗora gogen a wuya. Duk sanda tsoro ya kama shi haka yake yi. Ya ja farkon sabon kiɗansa, wurin nan mai tafiya a hankali. Mai kiran nan ya yi shiru.

Ni ba kiɗan nake ji ba. Gefen katakon gogen nake kallo, ya zauna daidai kan da'irar, yana murza kumburin. Tawadar har ta fara gogewa.

Na kama wuyan gogen.

"Sake shi, Kawu."

"Kai, ɗan nan, ka haukace? Cika min kaya!"

"Shi yake hura wurin. In ka yi ta yi, jibi ya wuce layi."

"Kaɗan zan yi. A ƙirji zan ɗora."

"Ba ka iya ba. Kafin ka kai rabi haɓarka ta sauka."

Na murɗe shi daga hannunsa, na mayar akwati. Na haɗa da nawa na tura waje da ƙafa.

"Menego, kai su hayaƙi."

Kawu ya yi kukan kura, na tare ƙofar da jikina.

"Zuane, zafin rumfar nan zai narkar da danƙon, katakon ya tsage! Gogen nan ya girme ka, ya girmi uwarka! Kwana arba'in ban taɓa tsirkiya ba, da waɗanne yatsu zan tsaya a majami'a?"

"Da waɗanda suka rage."

Menego ya jawo akwatunan da ƙugiya. Ya ce, "Ashe haka ake biyayya a ƙasar Jamus. Baba, ka yi haƙuri, zan sa su can nesa da wuta."

Kawu ya zauna kan ciyawar, hannunsa ya nufi wuyansa. Na buge hannun.

Na jawo ƙofar da kaina na rufe, Menego ya murza makulli ta waje.

Na ce, "Babu mai taɓa goge, daga ni har kai, sai wuyanmu ya sace."