Matar da Wenbo Ya Tsinta a Hanya

Tun ranar da Wenbo ya dawo daga jarrabawar babban birni, babu nasara sai mace a bayansa, hankalin yayarsa Suyin bai kwanta ba. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da sana'ar awara ta sa shi karatu, ta san halinsa sarai. Mutumin da ko 'yar maƙwabta ta gaishe shi sai ya rasa inda zai sa kansa, yaushe ya iya neman aure?

"Sunanta Ruyi, Yaya. Marainiya ce, a hanya muka haɗu."

"A hanya? Kaza ce da za a tsinta a hanya? Su wa suka ɗaura muku auren?"

Ya sunkuyar da kai.

Yarinyar ba ta da abin kushewa. Ga ladabi, ga aiki. Amma Suyin ta sa mata ido. In an zuba shinkafa, sai Ruyi ta kai kwanon kusa da fuska, ta shaƙi tururin, ta ajiye. Wata rana Suyin ta ɗanɗana ragowar, ta ji lami kamar ana tauna ƙaiƙayi. Karen gidan ya ƙaura gidan maƙwabta, ya ƙi dawowa. Wenbo kuwa sai ramewa yake, ga tari, ga murmushin da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

Da gangan ta kama hannun Ruyi wajen miƙa buta. Sanyi ƙalau, kamar dutsen bakin rijiya.

Washegari ta hau dutse zuwa wurin tsohon malamin haikali. Ya ba ta rawayar takarda mai jan rubutu ta korar fatalwa, ya ce ta manna a saman ƙofar ɗakinsu.

Ta dawo da la'asar ta tarar da Ruyi na niƙa wake. Ruyi ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Yaya, abin da ke hannun rigarki tun daga ƙofar gida yake ƙona ni."

Suyin ta dake. "To, faɗa mini, ke mece ce?"

"Abin da kike zato. Zazzaɓi ya kashe ni ban yi aure ba. Ambaliya ta tone kabarina, mutane na tsallake ƙashina suna wucewa. Ƙanenki ne ya tsaya, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ni, ya sake binne ni."

"Shi ne za ki saka masa da shanye masa jini?"

"Ba da nufina ba ne. Zamana kusa da shi ke cin sa. Na ce zan tafi, ya yi kuka, ni kuma na kasa. Ki manna takardar, Yaya. Abu ɗaya nake roƙo, a mai da ƙashina maƙabartar gidanku. Wadda ta mutu ba miji ba ta da mai kunna mata turare."

Suyin ta ƙura mata ido. "Ashe! Dama abin da ya kawo ki ke nan. Gurbi kike nema."

"Da farko, e."

"Yanzu fa?"

Ruyi ta ci gaba da juya dutsen niƙa.

Suyin ta daɗe a tsaye. Idan yaudara ce, an iya ta. Can cikin ɗaki ta jiyo tarin Wenbo, mai tsawo, kamar ƙirjinsa zai tsage. Ta lakato kunun shinkafa ta shafa wa takardar, ta taka kujera ta manna. Kafin ta sauko, dutsen ya daina juyawa, babu kowa a wurin.

Wenbo ya warke, amma har damina ta wuce bai yi wa Suyin magana ba. Ita da kanta ta ɗauki hayar keken shanu, ta sa shi ya nuna mata wurin da ya binne Ruyi, suka kwaso ƙashin suka binne kusa da iyayensu.

Ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara, Suyin ta kunna turare, ta ajiye awara mai zafi a gaban sabon kabarin. Wenbo ya ce, "Kin yarda tana sona ke nan, Yaya?"

"Ban ce ba," in ji Suyin. "Amma matar gidanmu ce. Matsa ka cire waccan ciyawar."