Sandar Orval a Kan Birki

Duk cikinmu masu gudun sanyi babu wanda bai san halin Verna Hultgren ba: ba a ce mata "ba za ki iya ba" a kwashe lafiya. Ɗanta Royce ne kaɗai, da ta haifa da cikinta, har yau bai ɗauki darasi ba.

Shekara goma sha tara ita da mijinta Orval suna barin Montana duk watan Oktoba, kafin ƙanƙara ta rufe hanya, su gangara hamadar Arizona a cikin motar-gidansu, ƙaramar jif ɗaure a baya tana bin su kamar akuya. Bana, a watan Mayu, Orval ya rasu. Jif ɗin ta yi wata biyar a ajiye bayan rumfa, ɓeraye suka samu gida ba haya, suka cinye wayar da ke kawo wuta daga babbar mota zuwa danjarta. Ba danja kuwa ba tafiya. Ko ɗan sanda ya tare ka, ko tirela ta hau kanka a gangara.

Ranar Talata da hantsi Royce ya iso da akwatin aikinsa. Mai wayarin gidaje ne, shekara ashirin da biyar yana yi. Ya riga ya gyara mata ɗaki a gidansa, ya kuma samo mai sayen da zai zo ganin motar-gidan ranar Asabar. Rediyo ta ce ƙanƙara za ta sauko Alhamis. In Verna ba ta fita kafin nan ba, shi ke nan, motar ta tafi.

"Mama, shekararki saba'in da uku fa," in ji shi.

"Ni na haife ka, ba sai ka ƙirga min ba."

"To ga magana ɗaya. Zan haɗa miki wayar. In ta kama, ki tafi, ba zan sake cewa uffan ba. In ta ƙi, ki haƙura."

Ta jawo kujerar naɗi ta zauna da kofin kofinta tana kallo. Ya fere wayoyin nan huɗu tsaf, hannunsa gwanin sha'awa, irin na ubansa. Sai ta ga ya kama koriyar ya ɗaure ta a jikin ƙarfen jif ɗin.

"Royce, koriyar nan..."

"Mama, don Allah. Aikina ne."

To, aikinka ne? Verna ta kurɓi kofinta ta ja bakinta ta tsuke. Ya jona wayar, ya hau babbar mota ya taka birki. Ɗas! Fis ya ƙone. Ya sa wani, ya sake takawa, ɗas! Ya sauko yana goge hannu, ya ce wayarin jif ɗin ne ya mutu daga ciki, sai an kai gareji, garejin kuma sai bayan mako biyu. Yana faɗa yana ɓata fuska, amma uwa ba a ɓoye mata. Ta ga sauƙin da ya ji, abin ya ƙona mata rai ƙwarai.

Ta aje kofin ta miƙe.

"Ka gama? Gida ka haɗa min, ba mota ba. A gida ne koriya take zuwa ƙasa. A nan koriya ta danjar dama ce, rawaya ta hagu, ruwan ƙasa ta fitilar dare. Farar nan da ka ware gefe kamar bare, ita ce ta jikin ƙarfe. Shekara goma sha tara ina riƙe wa ubanka tocila, ka zata barci nake yi? Ba ni filaya."

"Mama, gwiwarki..."

"Gwiwata ce. Filaya."

Ta shimfiɗa kwali ta kwanta ƙarƙashin jif ɗin. Kai, ba a so ka ji yadda ƙasusuwan nan suka yi ƙara ba! Tsatsa na zubo mata a ido, tana tsaki tana tsine wa ɓerayen Montana har kakanninsu. Ta kwance koriyar ta mayar da ita inda ya kamata, ta kankare ƙarfen da wuƙa sai da ya yi fari, ta ɗaure farar a kai tam, ta naɗe kowace da salatif. Ta fito da rarrafe, ta ƙi hannun da ya miƙo mata. Fis na uku daga gwangwanin alewar da Orval yake tara su ta ɗauko ta sa.

Royce ya ga ƙasa na zame masa, sai ya jefo abin da ya rage masa.

"Ko ta kama, Mama, wa zai tsaya miki a baya?"

Nan ya same ta. Ai mu dokarmu ce, ba a ɗaga mota da safe sai an gwada danja: ɗaya ya taka birki, ɗaya ya tsaya a baya ya ɗaga murya. Aikin mutum biyu ne. Orval ke takawa, ita ke tsayawa. Kewar mijinta ta danne Verna.

Royce ya sassauta murya. "Bari in taka miki."

"Kada ka taɓa. Yau kana nan. Jibi a kan hanya, can Utah fa?"

Ta hau motar. Sandar da Orval yake dogarawa tana nan bayan kujerar direba inda ya bar ta, ba ta taɓa iya matsar da ita ba. Ta ɗauko, ta ɗora gindinta a kan birki, ta tokare kanta da kujera. Sandar ta zame. Ta sake gwadawa, ta matso kujerar gaba kaɗan, sandar ta tsaya cak. Sannan ta sauko ta bi tsawon motar a hankali, ta wuce ƙarfen ja, ta wuce jif ɗin, ta juyo.

Ga danja nan ja wur, dama da hagu.

"Ta kama, Orval!" Da ƙarfi ta faɗa, yadda ta saba, kafin ta tuna.

Babu wanda ya amsa. Ta tsaya a wurin da hannu a ƙugu, hawaye na bin tsatsar da ke fuskarta, ba ta share ba.

"Ka kira mai sayen naka," ta ce wa Royce. "Ka ce kada ya ɓata man motarsa ranar Asabar."

Royce ya hau motar ya ciro sandar, ya juya ta yana duba gindinta da ya sha ƙasa ya yi sulɓi. Ya zaro salatif daga aljihu ya shiga naɗe shi, zagaye bayan zagaye, don kada ta sake zamewa.