Biskit ɗin da bai je sama ba

Shekara goma sha tara ke nan ina haɗa guzurin 'yan sama jannati a Houston, kuma akwai dokar da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk abin da ke marmashewa ba ya tafiya. A can sama burbushi ba ya faɗuwa ƙasa, yawo yake yi har ya shiga idon mutum ko cikin na'ura.

Saura wata biyu 'yar sama jannati Marisela Quintanilla ta tashi tafiyar wata takwas, sai ga mahaifiyarta, Mama Eufemia, rungume da gwangwani. Tun daga Laredo ta shigo mota. Biskit ne mai kirfa, irin wanda suke yi in ana biki.

Ta ce, "'Yata, cusa mata wannan cikin kayanta, kada ki faɗa mata. Yarinyar nan in ba ta ci shi ba, ba ta san an yi Kirsimeti ba."

Na ɗauki guda na ɗan matsa, ya zama gari a hannuna. Nan take na san babu inda za shi. Amma ga tsohuwa ta tsare ni da ido, ga gajiyar hanya a fuskarta. Ni da nake daka wa injiniyoyi tsawa, sai na ji bakina ya ce, "An gama, Mama."

Gwangwanin ya kwana uku a kan teburina. Wendell, abokin aikina, acici ne na ƙarshe, ya leƙo ya ce, "Odessa, wannan fa? Ko jira kike ya haihu?" Muka cinye biskit ɗin muna kurɓar kofi, a tsaye, muna gardama kan wata miyar guzuri da muke busarwa ta ƙi bushewa.

Marisela na cikin wata na huɗu a sama Mama Eufemia ta rasu. Babu halin dawowa jana'iza. Bayan mako guda aka ce ana nemana a waya daga sama.

"Anti Odessa, kafin Mama ta cika ta ce ta ba ki saƙona. Na zazzage jakunkunana duka, har na abokan tafiya na duba. Yana cikin wacce?"

Da na ga dama sai in ce yana cikin kayan da za su biyo baya. Ƙaryar ta zo har bakina, kunya ta hana ta fita. Na faɗa mata komai, har da kofin.

Ina jin ƙugin na'urori a bayanta.

"Ai ni ma na san doka, Anti, ba zai wuce ba," in ji ta. "To ya yi daɗi? Bana hannunta yana rawa, ban sani ba ko ta cika kirfa kamar kullum. Faɗa mini yadda ya yi a baki."

Guda shida na ci ran nan. Na yi ta lalube a raina, ko ɗanɗanon guda ban tuna ba.

"Ina jin ki, Anti," ta ce.