Tsibirin Gwaggo Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, wai teku ta ƙaura ta zo ta zauna a bayan kasuwar garinmu, daidai inda ake sayar da itace. Ba wanda ya yi mamaki. Masu itace dai sun matsa gefe, shi ke nan.

Ina tsaye ina kallo sai ga Ladidi, ɗiyar gwaggona, da jariri a hannu. Ta ce, "Yaya Nomau, yaron nan ya ce ba zai buɗe ido ba sai kakarsa ta zo. Ka je ka ɗauko Inna."

Na ce ina Gwaggo Tabawa take? Ta nuna tsakiyar ruwa da haɓa. Ta ce gwamnati ta ɗauke ta aiki.

A bakin ruwa na tarar da wata ƙaguwa sanye da hular ma'aikata, tana jan layi da alli a kan yashi. Ta ce ita ce mai awon ƙasa. Doka ta ce daga inda ruwa ya tsaya idan ya janye ake fara ƙirga iyaka, saboda haka take jira teku ta tafi cin abinci, sannan ta yi sauri ta ja layin. Da teku ta dawo sai ta lashe shi.

"Tun yaushe kike wannan aiki?"

"Jiya aka ƙara mini girma," in ji ta, ta wuce a karkace.

Na ari kwalekwale. Ashe wata mata daga ƙasar maƙwabta ta shanya zanenta a kai. Ban yi nisa ba wani zalɓe mai kakin soja ya tare ni, yana tsaye da ƙafa ɗaya. Ya dubi zanen ya ce tuta ce, don haka daga yanzu ni baƙo ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga gidanmu can, ana hango rufin."

Ya ce jirgi ɗan tutarsa ne, mutum kuma ɗan jirginsa. Mil goma sha biyun farko ruwan ƙasa ne, kamar tsakar gida. Baƙo yana iya wucewa in dai ba da mugun nufi ba, amma ba tsayawa, ba kamun kifi, ba tsugunawa.

Sai ga surukina Alhaji Barau zaune a kujerar roba bisa ruwa, yana sauraren rediyo. Na yi niyyar durƙusawa, zalɓe ya yi gyaran murya. Haka na wuce shi a tsaye kamar sanda, na ce "Ina wuni, Baba" ba tare da na rage gudu ba. Ya bi ni da ido har na ɓace. Na san maganar za ta kai gida kafin ni.

Daga nan ruwan ya sauya launi. Wani zalɓen, ƙanen na farko, ya ce nan ba cikin gida ba ne, ba kuma waje ba, zaure ne. A nan ake duba kaya da lafiyar matafiya. Ya buɗe bakina ya leƙa, ya ga wata magana da na so gaya wa matata ban gaya ba. Ya ce ba a shigo da ita ta hanyar da ta dace ba, ya ƙwace.

Can gaba sai fili. Ruwan na kowa ne ya bi, amma kifin ciki da man da ke ƙarƙashi na ƙasarmu ne. Na ga wani kifi yana kai da komo a kan wata igiya da aka shimfiɗa. In ya tsallaka can sai ya yi wani yare, in ya dawo ya yi mini sannu da Hausa.

Na sami Gwaggo Tabawa a kan wani dutse da bai fi faifai uku ba. Ta haɗa murhu tana suyar ƙosai. Kewaye da ita, nesa kaɗan, mutanen ƙasar maƙwabta ne cikin jirage, kowa riƙe da bokiti, suna jira.

"Gwaggo, Ladidi ta sauka. Namiji. Ya ƙi buɗe ido."

Ta juya ƙosai. "Halin kakansa ne."

Ta ce ba ta da halin tashi. Muddin akwai mai rai da sana'a a kan dutsen nan, sunansa tsibiri, kuma mil ɗari biyu na teku ta kowane gefe namu ne. Ranar da wuta ta mutu ya koma dutse kawai, waɗancan su kwashe ruwan da kifinsa. Ta faɗi haka tana kallon mai, amma na ga tana goge ido da gefen mayafi, alhali hayaƙin ba wajenta yake bi ba.

Na ce ta ba ni matsamin. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai da ko shayi ba ka iya ba?"

Duk da haka ta tashi. Ta ɗaure ɗankwali, ta ce kada in cika gishiri, ta shiga kwalekwalen. Na ji zalɓe daga nesa yana gaya mata ita ma yanzu baƙuwa ce, na kuma ji ta ce masa ya matsa.

Ina cikin ƙona ƙosai na farko wata tsohuwar kififfiya ta fito daga ruwa da rigar alƙalai. Masu bokiti duk suka miƙe.

Ta ce, "Malam, zama kake a nan, ko zama ka yi?"

Na ce ban gane bambancin ba.

Ta ce a kansa aka taru. In zaune nake, to tsibiri ne. In kuwa zaunawa kawai na yi kafin in tashi, dutse ne. Ta tambaye ni ko akwai inda ake jirana.

Na tuna matata, na tuna shagona da na bari a buɗe. Ruwa ya fara taɓa mini idon sawu. Na ce, "Nan ne gidana."

Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta tauna a hankali. Ta ce ɗanye ne a ciki, amma sana'a ce. Masu bokiti suka koma suka zauna. Ba wanda ya tafi.

Na ci gaba da suya. Daga can gaɓa, nesa ƙwarai, na jiyo guɗa. Ban sani ba ko yaron ne ya buɗe ido, ko wani biki ne daban. Ina kasa kunne sai guɗar ta kakkarye ta zama tari, tarin ya zama ƙarar babur ɗin maƙwabcina Tanimu, babur ɗin da ba ya tashi da safe sai an sha fama.

Rana ta riga ta shigo ta taga. Matata na tsaye da tsintsiya, ta ce in tashi ta gyara gado. Na ce mata ta fara samo wanda zai zauna.